Inda gida shi ne makarantar Lahadi: koya wa yara Littafi Mai Tsarki a ƙasar Kurfai

Garin Filinge yana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin kwarin Dallol Bosso, a kan hanyar da ta ratsa Baleyara da Bonkuku. Nan ne cibiyar ƙasar Kurfai, inda Kurfayawa suke zaune cuɗe da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani. Ƙasa ce ta gero da wake da shanun Azawak, kuma ƙasa ce ta Musulmi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristan Nijar baki ɗaya ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, su ɗin ma galibinsu suna Yamai da Maraɗi da Dogon Dutsi da yankin Gurmawa, can ƙetaren kogi. Kiristan da zama ya kama shi a Kurfai, ko malamin lakwal ne da aka turo, ko ma'aikaciyar likita, ko ɗan kasuwa, ko ɗan ƙasa, sau da yawa gidansa ne kaɗai a unguwar.

A Jos ko Kaduna uwa tana iya yi wa yaro wanka ranar Lahadi, ta miƙa shi ga malamin makarantar Lahadi, ta koma da kwanciyar rai cewa an sauke mata rabin nauyi. A Kurfai babu wanda za a miƙa wa. Ga shi Lahadin ma ita ce ranar kasuwar Filinge, ranar da gari yake cika da raƙuma da amalanke da masu cuku. Abin da yaron wannan gida zai sani game da Allah kafin ya shekara bakwai, a tsakar gidansu zai ji shi, ko kuwa ba zai ji ba. Iyaye da yawa suna kallon wannan a matsayin rashi. Ni kuwa ina ganin aikin ne ya koma inda Littafin ya ajiye shi tun farko. Abin da ke damuna dabam ne: abubuwa uku da kowane uba yake son gani ga ɗansa, wato bangaskiya da godiya da biyayya, mun saba fara koya su daga wutsiya. Muna neman biyayya tukuna, da tsawa da bulala, sannan mu yi mamakin yadda sauran biyun suka ƙi zuwa.

Kafin a kai nan, ya kamata a san littafin da ke hannu. Cikin waɗanda suka fara buɗe wa Turawa Hausa har aka soma fassara akwai wani yaro daga ƙasar Damagaram, Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi a Borno, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da James Frederick Schön, wanda ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, da Sabon Alkawari a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito ba sai 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da Wusasa ya ja gaba, sannan sabuwar fassara ta biyo baya a 1979. Ta ɓangaren Nijar kuwa, 'yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi bayan 'yan shekaru, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun kafa a Yamai a 1931, bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka isa Dogon Dutsi ta ƙasar Arewa, maƙwabciyar Kurfai. Zabarmawa sun sami cikakken Littafin da harshensu a 1990.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan tabarmar karatu. Hausar da ke cikin Littafin ta gabas ce, ta wajen Kano da Zariya. Yaron Kurfai ya saba jin hura da hili da ɗiya, sai ya tarar da fura da fili da 'ya'ya. Wanda ya shiga lakwal kuma da ƙa'idar Faransanci ya koyi haɗa baƙi, idonsa ya saba da "ou" da "ch", sai ya yi tuntuɓe a kan "u" da "c" da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ. Wasu iyayen sukan gaji su ɗauko na Faransanci, yaro ya karanta tiryan-tiryan bai fahimci ko rabi ba. Mafita mai sauƙi ce. Babba ya karanta ayoyin shi kaɗai da rana, ya riƙe labarin, da dare ya ba da shi da Hausar da ake sayen gishiri da ita a gidan, ko da Zabarmanci in shi ne harshen uwa. Bayan haka ya buɗe Littafin ya nuna wa yaro wurin da yatsa, don ya san daga nan maganar ta fito.

Babban nassin da ake kafa hujja da shi a kan koyarwar gida yana cikin Maimaitawar Shari'a, sura 6, aya 4 zuwa 9. Abin lura a ciki shi ne ba a ambaci aji ba, ba a ambaci malami ba. Iyaye aka umarta, aka kuma lissafa musu lokatai huɗu: zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya, da tashi. Duk lokatan da uwa take tare da ɗanta ne ko ta so ko ba ta so ba, a hanyar rijiya, a bakin turmi, a kan shimfiɗa. Makarantar Lahadi da muke ɗauka kamar da ita addini ya zo, baƙuwa ce. Robert Raikes ya yaɗa ta a garin Gloucester na Ingila wajen 1780, saboda yaran talakawa da ke aiki kwana shida a masana'antu ba mai koya musu komai. Tun kafin shi, a 1529, Martin Luther ya rubuta Ƙaramin Katekisim ɗinsa da nufin maigida ya koya wa mutanen gidansa.

Sai dai gidan Bahaushe yana da wani shinge da Luther bai san da shi ba, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya sakin jiki da shi gaban mutane, wani lokaci ma ana ba da shi riƙo ga kaka ko gwaggo da zarar an yaye shi. Ko a kan sauran yaran, uban da ya zauna yana hira da ɗan shekara huɗu akan ce ya cika sakewa. To, yaya za a cika umarnin yin magana da yaro safe da yamma a gidan da kunya ta ɗaure baki? Ba na cikin masu cewa a yi watsi da kunya, domin tana riƙe da mutuncin gida. Amma ba ta isa ta zama hujjar barin ɗan fari cikin duhu ba. Uban da ba zai kira sunan ɗansa ba yana iya tara yaran gaba ɗaya, ya ce, "Ku matso, ku ji," ɗan farin yana cikinsu. Al'adar kuma da hannunta ta buɗe wata ƙofa: wasan kaka da jika. Tsohuwar da take ce wa jikanta, "Kai mijin nan nawa marowaci, zo ka zauna in ba ka labari," tana da 'yancin da uwa ba ta da shi, shi ma yana tambayarta abin da ba zai iya tambayar ubansa ba. Bulus da ya rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu, a sura 1 aya 5, bai jingina bangaskiyarsa ga wani babban malami ba. Kakarsa Loyis da uwarsa Yuniki ya ambata. Ayyukan Manzanni 16 ta nuna uban Timoti Bahelene ne, wato gida ne mai addini biyu, irin wanda ba baƙo ba ne a Nijar. Duk da haka, a sura 3 aya 15 ta wasiƙar nan ta biyu, Bulus ya shaida cewa tun yana ɗan ƙarami ya san Littattafai.

Bangaskiya ga ƙaramin yaro ba ta farawa da bayanin aƙida. Tana farawa da sanin halin Allah, hali kuwa a labari ake gane shi. A nan yaron Kurfai ya fi yaron birnin Turai sa'a nesa ba kusa ba, domin ƙasar Littafin ta yi kama da tasa. Rifkatu ta shayar da raƙuman baƙo a bakin rijiya (Farawa 24), ya ga an yi haka. Makiyayan Ishaku sun yi rigima da na Gerar a kan rijiyoyi (Farawa 26), ya ji manya suna irin wannan magana. Mai shuka ya watsa iri, wani ya faɗa kan dutse ya tsiro rana ta ƙone shi (Matiyu 13), ya ga shukar da ta mutu bayan ruwan fari ya yi ƙarya. Ba sai an zana masa hoton tunkiya ba.

Mu ɗauki dare ɗaya. An ci tuwo, an kwashe kwanuka, uwa ta zauna a tabarma da yara uku. Ta ba su labarin makiyayin da ke da tumaki ɗari, ɗaya ta ɓata, ya bar sauran ya bi sawunta har ya same ta, ya saɓo ta a kafaɗa (Luka 15). Na tsakiyan, wanda ya fara bin awaki, ya ɗaure fuska.

"Inna, sauran fa? Wa ya bar wa su? Kura fa?"

"Littafin bai faɗi wanda ya tsare su ba," in ji ta. "Abin da ya faɗa shi ne bai haƙura da ɗayar ba. Kai in akuyarka ta ɓata, Baba yakan ce a bar ta?"

"A'a, yakan ɗauki fitila."

"To, haka Allah yake da kai."

Minti biyar ke nan, kuma ya wadatar. Abu biyu ta yi daidai. Ba ta tsawata masa don ya katse ta ba, domin tambayar ce shaidar labarin ya shiga. Ba ta kuma ƙirƙiro amsar da babu ita ba. Wannan na biyun yana da nauyi a gidan da aka saba tatsuniya, inda mai bayarwa yake da ikon ƙara gishiri yadda ya so, kowa kuma ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa rayuwa ba. Yaro yana buƙatar ya rarrabe daren tatsuniya da daren labarin Littafi. In ana ƙara wa labarin Yusufu abin da babu, ran da ya iya karatu ya duba bai gani ba, zai fara shakkar sauran.

Ba a jimawa kuma yaro zai dawo daga wasa da tambayar da kowane gidan Kirista a ƙasar Musulmi ya sani: "Baba, mu me ya sa ba mu salla?" Ko ya dawo da kuka an kira shi kafiri ko arne. Abokansa suna zuwa makarantar allo, sun san Ibrahim da Musa da Dauda da Yunusa, suna girmama Annabi Isa. Amsar da ta dace gajeriya ce, ta gaskiya, ba zagi a ciki: mu ma muna yi wa Allah sujada da addu'a, ta hanyar Yesu Almasihu, mun gaskata ya mutu dominmu ya tashi, maƙwabtanmu ba su ɗauke shi haka ba, kuma mutanen kirki ne da za ka gaishe su ka durƙusa. Uban da ya rama zagin a gaban ɗansa ya rushe darasin maƙwabci na Luka 10 kafin ya koyar da shi. Akwai ma abin koyi a wurin maƙwabtan. Yaron allo yana da lokacin karatu da ba ya tashi, safe da yamma, ana biya masa kaɗan-kaɗan har ya zauna. Gidan Kirista da ke buɗe Littafi sai an tuna, ya dubi wannan naci ya ji kunya.

Godiya ita ce ta fi sauƙin koyarwa a baki, ta fi wuya a zuci. Bahaushe ya riga ya iya ta: yaro yakan karɓi abu da hannu biyu, ya ce ya gode, a aike shi washegari ya sake godiyar jiya. Abin da Littafin ya ƙara shi ne ya nuna wa yaro wanda ke bayan kyautar, ya kuma gargaɗe shi da lokacin da aka fi mantuwa. Maimaitawar Shari'a 8 ta ce haɗarin yana zuwa ne bayan an ci an ƙoshi, lokacin da mutum zai ce ƙarfin hannunsa ne ya tara masa. Saboda haka kaka, wajen Satumba da Oktoba, ita ce babbar makarantar godiya. A bar yaro ya ƙirga damman gero da bakinsa yayin da ake jera su a rumbu. A ware na Allah da na mabukata a gabansa, ya ɗauki zangarniya da hannunsa ya kai. Ya ga maƙwabci Musulmi yana fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, to ya ga na gidansu ma. A ba shi labarin Rut da ta yi kala a gonar Bo'aza, a gaya masa dokar Littafin Firistoci 19 da ta hana mai gona kwashe gefen gonarsa, don matalauci da baƙo su samu. Daga nan zai gane cewa mai godiya ba ya share gona tas.

Amma Kurfai ta san shekarun da rumbu bai cika ba. Tsofaffi suna tuna 1973 da 1974, manya suna tuna 1984, matasa sun ga 2005. Koyarwar da ke cewa duk mai bin Allah ba zai rasa ba, wadda take yawo yanzu a wayoyi daga bakin wasu masu wa'azin arziki, tana karyewa a irin wannan ƙasa, ta karya zuciyar yaro tare da ita. Littafin bai yi wannan alkawari ba. Ya ba da labarin manna a Fitowa 16, abincin da ake tsinta na yini ɗaya, in an ɓoye na gobe ya yi tsutsa. Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6 abincin yau ta roƙa. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da yabo a shekarar da gona ba ta ba da komai ba, garke kuma ya ƙare. Yusufu ya shawarci Fir'auna ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, abin da ke nuna tanadi ba rashin dogara ba ne. Uwar da ta dama kunu tsararo a watan Agusta, ta ce da yaranta su gode wa Allah da wannan, su kuma roƙe shi na gobe, ta koya musu abin da wa'azin shekara ba zai koya ba.

Labarin kutare goma a Luka 17 yara suna son sa saboda ana ƙirga shi da yatsu. Goma suka warke, a lanƙwashe tara, ɗaya ya rage, shi ne ya komo. Wanda ya san asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi ya san abin da warkewar kuturu take nufi: komawa cikin mutane, cin abinci a kwano ɗaya da dangi. Kada a manta a gaya wa yaro cewa wanda ya komo ɗin Basamariye ne, baƙo, ba ɗan addinin masu sauraro ba. Yaron da ya ji haka ba zai yi girman kai ba in aka aike shi ya yi godiyar kwanon abincin Salla, kuma da murna zai kai wa maƙwabta nasu ranar Kirsimeti.

Yanzu ga biyayya, inda na fi son a tsaya. Babu aya da iyaye suka fi haddacewa kamar farkon Afisawa 6, wadda ta umarci 'ya'ya su yi biyayya ga iyayensu, tana tuna doka ta biyar ta Fitowa 20. Umarnin gaskiya ne, ba wanda zai sassauta shi. Yesu kansa, bayan ya tsaya a Haikali yana ɗan shekara 12, ya koma Nazarat ya zauna ƙarƙashin Maryamu da Yusufu (Luka 2). Amma maganar Bulus ba ta ƙare a aya ta 3 ba. Aya ta 4 ta juyo kan ubanni, ta hana su tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi. Kolosiyawa 3:21 ta maimaita, ta ƙara dalili: kada yaran su karai. Ka tambayi iyaye goma su biya maka aya ta 1, za su biya. Ka tambaye su ta 4.

Ba zan ɓoye cewa littafin Karin Magana ya yi zancen sanda ba, a sura 13 da 22 da 23. Masu riƙe da bulala nan suke fakewa, su haɗa da karin maganarmu ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi da shi, in ya fizga ya karye. Sandar makiyayi a Zabura 23 ma ta'aziyya aka ce tana bayarwa, domin aikinta nuna hanya ne da korar abin da zai cuci garke. Ko mene ne ra'ayin gida a kan horo, abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada a doki yaro a kan tabarmar karatu. Ɗan shekara biyar da aka mara don ya manta aya, abin da ya koya shi ne buɗe Littafin nan yana jawo zafi. Zai haddace don tsoro, ya ajiye ran da ya fi ƙarfin mari. Haka kuma kada a mai da Allah dodo, ana ce wa yaro zai ƙone shi don ya zubar da hura. Wanda aka gaya masa jiya cewa makiyayi ya ɗauki fitila ya nemo shi, yau kuma a ce yana jiransa da wuta, wanne zai gaskata?

Dalilin da ya sa na ce mun fara daga wutsiya ke nan. A Fitowa 20, kafin a ba da doka ko ɗaya, an fara tuna wa mutane wanda ya fisshe su daga bauta. Alheri ya riga umarni. Yaron da ya amince cewa ana ƙaunarsa, ya kuma saba lura da abin da aka yi masa, biyayya takan zo masa da sauƙi, ta kuma daɗe. Wadda aka samu da tsoro iyakarta ƙofar gida.

Akwai kuma biyayyar baki, wadda tarbiyyarmu take saurin yarda da ita. A kira yaro, ya zo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, a ce ya kai wa awaki ruwa, ya ce, "To, Baba," ya fita ya bi abokansa. Wani kuma ya turo baki, ya yi gunaguni, amma ya ɗauki bokiti. Mu mukan yaba na farko, mu ce na biyu ba shi da kunya. Yesu ya ba da wannan misali daidai a Matiyu 21, na 'ya'ya biyu da ubansu ya aika gona, ya tambayi masu sauraro wanne ya yi nufin uban, suka ce wanda ya tafi. A ba yara labarin, a bar su su yanke hukunci da kansu. Ladabi abu ne mai kyau, a ci gaba da koya shi, sai dai kada ya zama mayafin ƙin aiki.

Wanda ya ji wannan ya ce to a saki yara su yi yadda suka ga dama, bai karanta labarin Eli ba. Littafin Sama'ila na Fari, sura 2 da 3, ya nuna firist ɗin da ya san ɓarnar 'ya'yansa bai hana su ba, gidansa ya rushe a kan haka. A gidan nan ne kuma ƙaramin Sama'ila ya tashi da dare sau uku ya ruga wurin tsohon, yana tsammani shi ya kira. Iyaka bayyananniya, wadda ba ta canzawa da yanayin fuskar uba, ita ma ƙauna ce.

Biyayya kuma tana da inda ta tsaya, wannan ma wajibi ne yaro ya sani. A ƙasarmu ɗa na kowa ne, kowane babba yana iya aikensa, wannan albarka ce. Amma ba kowane babba ne nagari ba. Ungozomai biyu, Shifra da Fuwa, sun ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai, Allah kuma ya yi musu alheri (Fitowa 1). Manzanni sun gaya wa majalisa cewa Allah ne ya fi cancanta a bi a kan mutum (Ayyukan Manzanni 5). A gaya wa yaro da yarinya a fili: in babba ya ce ka yi sata, ko ƙarya, ko ya taɓa jikinka ya ce kada ka faɗa, ko malami ne, ko kawu, ko fasto, ƙin sa ba rashin biyayya ba ne, kuma ka zo ka faɗa, ba za a doke ka ba. Gidan da bai taɓa furta wannan ba ya bar ƙofa a buɗe.

Yaran wannan zamani a jihar Tilaberi, inda Kurfai take, suna jin abin da bai kamata kunnensu ya ji ba. Ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda 'yan bindiga, mutane sun baro garuruwansu daga wajen Abala da Banibangu. Gidajen Kirista kuma ba su manta ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, da aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai. In yaro ya tambaya ko za a zo gidansu, kada a rantse masa cewa ba abin da zai faru, domin ba a hannun iyaye yake ba. Abokan Daniyel uku sun ce Allah yana da ikon cetonsu, in ma bai cece su ba, ba za su juya ba (Daniyel 3). A gaya masa Yesu ma an gudu da shi Masar cikin dare yana jariri (Matiyu 2), don ya dubi yaron da ya zo gudun hijira da idon ɗan'uwa. In an ba shi labarin 2015, a haɗa masa da cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, shugabannin ikilisiya kuma sun fito sun ce sun yafe.

Saura batun wanda bai iya karatu ba, da uban da ba ya gida. Mazan Kurfai sun daɗe suna tafiya cin rani bayan kaka, tun zamanin da ake zuwa Kumasi da Ankara ta Gana, yau kuma har Abijan da Legas da Libiya. Wata shida ko fiye uwa ce kaɗai da yara, kuma mata da yawa ba su sami zama lakwal ba. Wannan ba ya hana komai. Akwai Sabon Alkawari da aka karanta da murya cikin Hausa da Zabarmanci, ana sa shi a katin waya, ƙaramar waya ma tana ɗauka ba sai da intanet ba. Bisharar Markus sura 16 ce, labari ne a kan labari, ta fi dacewa da farawa. A saurari ɗan guntu, a kashe wayar, a tambayi yara abin da suka ji, ƙaramin ya fara faɗa kafin manya su rufe shi. Uban da ke Abijan, ran da ya aiko kuɗin hatsi, ya haɗa da saƙon murya na minti biyu ta WhatsApp, ya tambayi labarin da aka ji a makon, ya sa wa kowane yaro albarka, har da ɗan farin da ba zai kira sunansa ba.